Albashi ba ya kai wata: in koma gona ko in yi lambu a gida?

Wani bawan Allah, malamin firamare a cikin birnin Kano, ya aiko da tambaya. Ya ce su tara ne a gidansa, albashi ba ya kai shi ashirin ga wata saboda cefane, kuma duk inda ya juya sai ya ji ana cewa kowa ya koma gona. Yana da ɗan fili a bayan gida, akwai kuma gonar gado a ƙauyensu, tafiyar awa biyu a mota. Yana so ya san wanne zai kama, sannan in da gaske kowa ya duƙa, shin abinci zai yi araha?

Malam, Allah ya buɗa, ya rufa mana asiri baki ɗaya. Na yi shekara ashirin da ɗoriya ina aikin malamin gona tsakanin Kura, Bunkure da Garun Malam, kuma ni ma mai iyali ne, na san yadda gaban magidanci yake faɗuwa in uwargida ta ce masa hatsi ya ƙare. Zan gaya maka abin da zan gaya wa ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya.

Ka fara sanin abin da ya hau da farashin, don kada ka ɗauka manoma ne suka yi lalaci. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka cire tallafin man fetur. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. A watan Yunin 2023 aka saki naira, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. To buhun masara ba shi da ƙafa. Daga gona zuwa bakin titi a kan babur ko amalanke, daga nan zuwa kasuwar ƙauye, daga can zuwa Dawanau, daga Dawanau zuwa mai awon unguwarku, kowane zango sai ya sha mai. Injin ban ruwa mai yake sha, injin casa da na niƙa haka. Maganin feshi da wasu daga cikin sinadaran da ake haɗa takin kamfa da su daga waje ake shigo da su, da dala. Buhun kamfar da aka sayar naira 5,500 a 2017, lokacin shirin takin da aka yi da ƙasar Maroko, ya ninka sau da yawa. Ga 'yan bindiga sun kori mutane daga manyan gonakin Zamfara, Katsina, Sakkwato, Neja da Birnin Gwari, wanda ya tsaya kuma sai ya biya haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Ga ambaliyar 2022, ga ta 2024 da ta fasa madatsar Alau ta shanye Maiduguri. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Yunin 2024 hauhawar farashin abinci ta kai kashi 40.87 cikin ɗari. Ruwa ba ya tsami banza.

Yanzu mu zo filin bayan gidanka. Mutane da yawa da sun ji tsadar masara sai su cika tsakar gida da masara, kuma nan ne kuskuren farko. Mu yi lissafi. Fuloti mai ƙafa 50 ta 100, sai ka jera wajen ashirin da ɗaya kafin su cika hekta guda. Manomin da bai samu taki isasshe ba, buhu ashirin yake samu a hekta in an yi dace. Ke nan ko fulotin gaba ɗaya ka shuke, babu gini babu makewayi, buhu ɗaya za ka ɗauka. Gida mai mutum tara yana cin kwano ɗaya na hatsi a rana ko fiye, buhu kuwa kwano arba'in ne. Kwana arba'in, an gama. Bayan gida ba ya ba da tuwo.

Miya yake bayarwa, kuma kada ka raina miya. Ka tambayi uwargida nawa take kashewa kullum a tumatir, tattasai, attarugu, albasa da ganye, ka ninka sau talatin. Yawancin magidanta ba su taɓa yin wannan lissafin ba, saboda kuɗin miya da kaɗan-kaɗan yake fita, ba kamar buhun shinkafa da yake fita gaba ɗaya ya girgiza aljihu ba. Wannan kuɗin ne lambun gida zai iya rage maka sosai.

Ga yadda na ga ana yi ya yi kyau. Ka nemi tsofaffin buhunan shinkafa ko na siminti da aka wanke, ko fasassun bokitai, ka huhhuje gindinsu don ruwa ya tsiyaye. Ka haɗa ƙasa kashi biyu, takin gargajiya kashi ɗaya, in ƙasar laka ce ka ƙara ɗan rairayi. Takin kuwa ya zama ruɓaɓɓe, wanda ya kwana biyu ya huce ya yi baƙi yana warin ƙasa. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, na sha ganin an zuba shi yau, jibi shuka ta lanƙwashe. Ka ajiye buhunan inda rana take kai awa shida, don ƙarƙashin inuwar darbejiya ganye ne kawai zai yi, shi ma a daddafe.

Kada ka fara da tumatir. Ka fara da abin da ba ya ba da kunya: alayyafo, wanda mako uku zuwa huɗu ka fara yanka, ya sake tofowa ka sake yanka; rama, yakuwa, lalo, kuɓewa da takan fara 'ya'ya kafin wata biyu, lawashi. Zogale biyu ko uku a jikin katanga, ka riƙa sare kansa in ya kai ƙirjinka don ya yi rassa maimakon ya miƙe sama ya fi ƙarfin hannun yara. Kabewa ka sake ta ta hau rufin kicin ko danga, ba ta cin fili. Attarugu da tattasai suna jurewa a buhu, tushe goma sun ishi gida in ana kula da su. Tumatir kuwa ɗan sanyi ne. A yafa iri a watan Oktoba ko Nuwamba, a dasa bayan mako uku zuwa huɗu, a ci moriyarsa daga Janairu zuwa Maris. Wanda ya dasa a bazara zai ga ganye shar, fure ya fito, amma zafi ya kakkaɓe shi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. Ga kuma tsutsar nan da manomanmu suke kira sharon, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa a 2016, kuma ba ta bar mu ba har yau. Da zafi take ƙarfi. In ka ga farin zane a cikin ganye kamar an yi rubutu, ka tsinke ganyen ka binne ko ka ƙona. Kwarin da ke damun ganye kuwa, 'ya'yan darbejiya a daka a jiƙa su kwana, a tace a fesa da yamma, yana rage su, kuma ba ka zuba wa 'ya'yanka guba a miya ba.

Ruwa shi ne inda lambun birni yake mutuwa. In ruwan 'yan garuwa kake saye, ka zauna ka auna kafin ka cika gida da buhuna, don kana iya kashe kuɗin ruwa fiye da kuɗin miyar da kake gudu. Abin da na ga wata dattijuwa tana yi a unguwarmu ya burge ni: ta ajiye baho a wurin alwala, ruwan wanke shinkafa da na wanke ganye ma ba a zubarwa, da yamma jikokinta su ɗauka da gwangwani su bi buhunan ɗaya bayan ɗaya. Ta lulluɓe saman kowane buhu da ɓawon gyaɗa don kada rana ta shanye danshi. Buhu goma sha biyar ne kawai, amma ta ce rabonta da sayen ganye tun kafin azumi. Ruwan da aka yi wanki da omo ko bilic ne kaɗai ba a zubawa. Ka kuma yi shinge, don akuya ɗaya za ta gama da aikin wata biyu kafin ka dawo daga masallaci.

Akwai abin da ya fi lambun ma sauƙi ga mai albashi, sai dai ba a cika ambatonsa ba saboda ba a kiransa noma. Shi ne sayen abu a lokacinsa. A watan Fabrairu ka je Kwanar Gafan ka ga yadda kwandunan tumatir suke jere a rana, manomi yana roƙon dillali ya ɗauka ko nawa ne, wani ma a zubar a bakin hanya saboda kuɗin motar Legas ya fi kuɗin kayan. Wannan tumatir ɗin ne a watan Yuni za a sayar maka guda huɗu ko biyar da kuɗin da ya isa ya sayi kwano a da. Iyayenmu sun san maganin wannan tun tuni. Ka sayi kwando biyu lokacin araha a 'Yankaba, a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta ko a kan rufi, ba a ƙasa ba, a yi kauɗa. Tattasai da kuɓewa haka. Wasu suna markaɗawa su dafa har ruwan ya ƙone, su ɗura a kwalaben da aka tafasa, su rufe da ɗan mai a sama.

Hatsi ma haka ne. Daga Nuwamba zuwa Janairu manoma suke fito da kaya saboda bashi da biki da kuɗin makaranta, farashi yana ƙasa. Daga Yuni zuwa Agusta rumbuna sun yi ƙasa, farashi ya hau. In ku malamai goma kuka yi adashi, ko ƙungiyarku ta ba ku rance, kuka sayi buhunan shekara da kaka a kasuwar ƙauye, kun tsere wa tsadar marka. Sai dai ajiya. Ka tabbata hatsin ya bushe, ka gasa wa ƙwaya haƙori ka ji ta fashe da ƙara. Ka zuba a buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, ka matse iskar ka ɗaure kowace leda daban, ko a jarka mai murfi ka cika ta fal. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Ka ɗora a kan katako, nesa da bango da ɓera. Ina roƙonka don Allah kada ka bari a zuba wa wakenka Sniper ko makamancinsa. Irin wannan maganin ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Najeriya a 2015, mu kuma muna ci muna ba yara.

Sai gonar gado. Nan zan yi maka magana ba ɓoye-ɓoye, domin na ga ma'aikata da yawa sun zuba kuɗin da ba su da shi sun dawo da baƙin ciki da gaba tsakaninsu da 'yan'uwa. Noman waya ba ya yi. Ni kaina akwai shekarar da aiki ya riƙe ni, na aika buhu shida na taki ga wanda na ba amanar gonata, na biya kuɗin huɗa da na noman fari da na maimai. Da na je a watan Agusta na tarar da masara rawaya, tsayinta bai wuce ƙuguna ba, ciyawa ta fi ta tsawo. Na duƙa na tona gindin tushe goma, ban ga alamar taki ba. Ban yi faɗa ba, saboda na ga halin da gidansa yake ciki a wannan damina, amma na ɗauki darasi. Gona tana son ta ga mai ita, musamman ranar shuka, ranar sa taki da ranar girbi.

In za ka iya zuwa duk ƙarshen mako, kuma hutun makaranta na Agusta yana taimakonka, to ka shiga, amma da sharuɗɗa. Kada ka noma duk gonar. Ka yanki abin da kuɗinka zai iya ciyarwa sosai, ko rabin hekta ne. Masara sarauniya ce, tana son wajen buhun taki takwas zuwa goma a hekta, kamfa da yuriya a haɗe, a sa na farko kwana goma zuwa sha huɗu bayan shuka, na biyu a mako na huɗu zuwa biyar, kuma a tona a binne, ba a watsa a sama rana ta sha rabi ruwa ya tafi da rabi ba. Wanda ya raba buhu biyu a hekta guda ya yi asarar takin da kuɗin ƙwadago duka. In ba ka da ƙarfin masara, babu kunya a gero da dawa, su ne suka riƙe kakanninmu, kuma suna haƙuri da ƙarancin taki da yankewar ruwa. Ka sa wake, gyaɗa ko waken suya a wani ɓangaren, su ba sa neman yuriya, suna ma bar wa ƙasa ƙarfi, sannan waken suya yana rage wuta-wuta a gonar da ta addaba. Iri kuma kada ka ɗebo a kasuwa daga buhun ci. Cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar da irin masara na SAMMAZ, dawa SAMSORG, wake SAMPEA, akwai gero SOSAT mai saurin nuna. Ka je ofishin hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano, wato KNARDA, na ƙaramar hukumarku ka tambayi wanda ya dace da ƙasarku, ka saya a wurin dila mai rajista. In gonar tana da gawo kada ka bari a sare shi. Da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, kuma duk manomi ya san dawar gindin gawo ta fi ta ko'ina. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da gonaki masu yawa ta hanyar barin irin waɗannan itatuwa su tofo daga kututture.

In kuwa ba za ka iya zuwa ba, ka ba ɗan'uwa mai gaskiya ya noma, ku yi yarjejeniya a gaban shaidu kan buhu nawa ne naka, kai ka kawo iri da taki ka tsaya a sa a gabanka. Ko ka ba da haya ka karɓi hatsi a madadin kuɗi. Kafin komai kuma ka tambayi lafiyar hanyar da dajin. Babu buhun da ya kai ranka.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce wadda ta fi damuna. Kiran a koma gona ba sabo ba ne. Obasanjo ya yi shirin ciyar da ƙasa a 1976, Shagari ya yi nasa juyin noma a 1980, Buhari ya ƙaddamar da bashin manoman shinkafa a Kebbi a 2015, ya rufe iyakoki a 2019. Ba masu riƙe fartanya muka rasa ba, a ƙauyukanmu kusan kowa manomi ne. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne abin da hekta ɗaya take bayarwa. Gonar da ke ba da buhu ashirin tana iya ba da arba'in ko hamsin da iri mai kyau da taki a kan lokaci, na gani da idona a gonakin gwaji, kunya da kunya da gonar da ba a gyara ba. Sannan muna noma wata huɗu mu zauna wata takwas, alhali ga madatsun ruwa, ga Tiga, ga Challawa, ga Bakolori, ga Goronyo, ga Zobe, ruwa kwance, magudanai da yawa sun cike da yashi da kacalla. Abin da aka noma ɗin ma wani kaso mai yawa yana lalacewa tsakanin gona da tukunya, albasar Aliero tana ruɓewa a rumbu, tumatirin Kadawa yana narkewa a kwando.

Ka kuma lura da abin da ya faru bayan gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150 a 2024. A 2025 farashin hatsi ya sauko sosai, mutanen birni suka yi ajiyar zuciya, kuma ban ga laifinsu ba, yunwa ba ta da daɗi. Amma taki bai sauko ba, mai bai sauko yadda zai yi tasiri ba. Na zauna da manoman da sai sun sayar da buhun masara fiye da ɗaya kafin su sayi buhun taki ɗaya. Wani ya ci bashin ba-da-kaka, ya girbe, ya auna wa mai bashi, ya koma gida da abin da bai kai shi bazara ba. Irin wannan mutumin in damina ta zagayo rage gona zai yi, ko ya bar masara da shinkafa ya koma riɗi da zoɓo da ake fitarwa waje. Arahar da aka samu ta hanyar karya manomi aro ce, mu masu saye za mu biya ta nan gaba. Arahar da za ta zauna ita ce wadda ta fito daga raguwar kuɗin noman kansa: taki ya samu kafin ruwan fari ba a watan Agusta ba, injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya kai hannun masu fadama, a yashe magudanai, a gyara hanyar ƙauye, a rage shingayen karɓar kuɗi tsakanin Kano da Legas, mutum ya je gonarsa ya dawo lafiya. Waɗannan ba aikin malamin firamare ba ne, aikin masu mulki ne, kuma haƙƙinka ne ka tambaye su in sun zo neman ƙuri'a.

Naka ɓangaren, Malam, ka fara da buhu goma na ganye da attarugu a wannan watan, ka ba kowane yaro buhunsa ya riƙa shayarwa. Ka yi wa abokan aikinka maganar adashin hatsi tun yanzu, don kuɗin ya taru kafin Nuwamba. Gonar ƙauye kuma ka je da rani ka taka ta da ƙafarka, ka auna girmanta, ka ga irin ƙasarta, jigawa ce ko laka, ka tambayi maƙwabtan gona abin da aka shuka a cikinta shekara uku da suka wuce da ko wuta-wuta tana fitowa. In ka samo waɗannan amsoshin ka sake aiko mini, sai mu zauna mu fitar da abin da za ka shuka da kuɗin da zai ci.